Ruwa Ya Riga Sanarwa Isa Kwata

Karan dawa ne busasshe, bai kai tsawon sandar makiyayi ba. Wani dattijon mai fito ya soka shi cikin laka da magariba, daidai inda ruwa ya tsaya, a wata kwata ta kogin Kwara da ke ƙasa da ɗaya daga cikin manyan madatsunmu. Dare ne ya yi mini a garin, na rasa jirgin ƙarshe, na kwana a zauren mai unguwa. Da asuba bayan an sallame salla na bi shi bakin ruwa. Ya haska tocila. Ruwa ya hau karan da taƙi biyu, alhali kwana uku ko yayyafi ba a yi a garin ba.

Na ce, "Baba, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, ruwa ya ƙaru da dare. Ko an yi ruwa a sama, ko kuma an taɓa ƙofa."

"To, wa ya aiko muku?"

Ya nuna karan da haɓa, ya ce, "Ga ɗan aiken nan."

Ranar kasuwa ce a tsallake. Kafin rana ta ɗaga, kwata ta cika da mata masu kwandunan busasshen kifi, da buhunan shinkafa, da babura, da awaki ɗaure da igiya. Sai ga wani saurayi da littafin rasit a hammata, yana bin jirage ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗi. Na tambaye shi ko ya zo da wani saƙo game da ruwan. Ya dube ni kamar na tambaye shi kuɗin jirgin Makka, ya ce, "Malam, ni kuɗin kwata aka aiko ni."

Muka shiga. Har da ni, don ban fi kowa hankali ba, kuma ina da uzurin da nake gani ba ya jira. Injin ya yi ta kuka, mai tuƙi ya karkata hancin jirgi sama yana kokawa da ruwa, kututture biyu suka wuce mu kamar gawar shanu, wata tsohuwa ta yi ta salati ba ta numfasa ba har muka taɓa ƙasa. Inda muka sauka ya yi nisa da inda aka saba sauka, sai da muka tako da ƙafa cikin taɓo. Allah ya tsare, shi ya sa kuke karanta wannan. Amma tun ranar abin ke cin raina: hukumar da ta san hanyar kwata idan za ta karɓi naira, yaya aka yi ta ɓace hanya idan za ta kawo labarin da zai tsirar da rai?

Kada wani ya ce mini ba a sanarwa. Ana yi, har ta yi yawa. Kowace shekara kafin damina hukumar kula da al'amuran ruwa, NIHSA, takan tara manya a wani babban zaure a Abuja ta ƙaddamar da littafin hasashen ambaliya. A 2024 ta ce ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 na cikin babban haɗari. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, na fitar da nata hasashen, hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, na rubuta wa gwamnoni wasiƙu. A ranar 17 ga Satumba 2024 aka sanar cewa Kamaru za ta fara sakin ruwan madatsar Lagdo, za a fara da kubik mita 100 a kowace daƙiƙa, a yi ta ƙarawa har 1,000 cikin mako guda, aka lissafa jihohi 11 aka ce su shirya.

To, madalla. Yanzu ɗauki wannan magana ka kai wa mai fito a Lau ko Ibi da ke bakin Binuwai, ka ce masa kubik mita 1,000 a daƙiƙa. Me zai yi da ita? Tambayarsa ɗaya ce, kuma gajera ce: gobe in tura jirgi ko in ɗaure? In zan ɗaure, har yaushe? Babu takarda ɗaya cikin duk waɗannan da ke amsa masa. An rubuta su da Turanci, da harshen injiniyoyi, don idon 'yan jarida da na shugabanni, kuma babban amfaninsu shi ne idan abu ya faru a zaro su a ce ai mun faɗa. Gargaɗin da ya haɗa jihohi 31 da watanni bakwai ko takwas a jimla ɗaya daidai yake da ka ce wa mutum wata rana zai mutu. Gaskiya ce, amma ba ta hana shi fita gobe.

Ko abin da ake cewa ɗin, idan ka saurara da kyau, ba da mai jirgi ake ba. Kullum kalmar ita ce mazauna bakin kogi su ƙaura zuwa tudu. Wanda ke zaune ake yi wa magana. Wanda ke kan ruwan kansa, da mutum tamanin ko ɗari a bayansa, ba ya cikin lissafi, sai ranar da za a ƙirga gawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rufe ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ba sai Bature ya koya mana ba. Duk wanda ya san Argungu ya san ba mai jefa koma a Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Garuruwan bakin gulbi da yawa suna da tafkunan da ake hana su har sai ranar da aka buɗe, kuma yaro da babba sun san haddin. Sarkawa, waɗanda suka bazu daga ƙasar Kabi suka kafa tungaye har can ƙasan Kwara da Binuwai, sun gaji karatun ruwa kamar yadda malami ke gadon allo. Sun san farin ruwa, wanda ke zuwa da damina ɗauke da laka daga ruwan saman da aka yi kusa. Sun san baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana yawo cikin fadamun Mali, sai da sanyin hunturu ya iso mana tas babu laka. Suna duba launi, suna duba kumfa, suna duba irin ciyawa da kainuwar da ruwa ya kwaso, su gaya maka abin da ke tafe. Dattijo ya ce yau ba a fito, ba a fito ɗin.

Me ya lalata wannan ilimi? Ƙofa. An gama Kainji a 1968, aka tashi mutum sama da 40,000, tsohuwar Busa ta nutse. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990, ga Bakolori da Goronyo a ƙasar Sakkwato da Zamfara, ga Lagdo da Kamaru ta gama a 1982 a kan Binuwai. Daga nan ruwa ya daina zuwa da lokacinsa kawai, ya koma zuwa da hannun mutum. Sarkin Ruwa zai iya karanta hadari, zai iya karanta iska, amma ba zai iya karanta zuciyar injiniyan da ke zaune a ɗaki mai sanyi a nisan kilomita ɗari ba. Sama garau, taurari a fili, ka kwanta ruwa na nan, ka tashi ya cinye turken da ka ɗaure jirgi.

Ban ce kada a saki ruwa ba. Madatsa idan ta cika dole a rage mata, wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 lokacin da Alau ta ɓalle ba zai yi gardama a kan wannan ba. Abin da nake cewa shi ne wanda ya karɓe wa mutane ikon sanin koginsu, ya ɗauki bashin sanar da su, kuma wannan bashi ba a biyansa da takardar manema labarai. Ruwan da mutum ya saki da hannunsa, ya san ranar, ya san sa'ar, ya san yawan, ba shi da hujjar cewa abin ya zo ba zato. Kuma ba nan take yake isa ba. Daga Lagdo sai ya wuce Garwa, ya shigo Adamawa, ya bi Yola da Numan, ya gangara Lau da Ibi da Makurɗi kafin ya sadu da Kwara a Lokoja. Kwanaki yake yi a hanya. A zamanin da saƙon waya ke zuwa Makka ya dawo kafin ka ajiye kofin shayi, a ce ruwa mai tafiya da cikinsa ya riga labari isa kwata, wannan abin kunya ne.

Ku dubi hanyar da labarin Lagdo ke bi. Masu madatsa su gaya wa gwamnatinsu, ita ta gaya wa ofishin jakadancinta a Abuja, shi ya rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Waje, ita ta rubuta wa NEMA, NEMA ta rubuta wa jihohi, jiha ta tura wa hukumar agajinta, ita kuma in an yi sa'a ta kira shugaban ƙaramar hukuma, wanda wataƙila yana babban birnin jiha, don can yake kwana. Kowane mataki sai an buga hatimi, sai an jira oga ya dawo daga tafiya. A watan Agustan 2023 yawancin mutane sun ji batun Lagdo ne da hoton wasiƙar Ma'aikatar Harkokin Waje zuwa ga NEMA ya fara yawo a wayoyi, daga baya kuma hukumomi suka bayyana cewa ai tun tsakiyar watan aka fara sakin ruwan. Wato takarda na yawo daga tebur zuwa tebur, shi kuwa ruwa ba ya jiran sa hannun kowa. Tsohon alkawarin gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka ce za ta riƙa tare ruwan Lagdo, ya shekara arba'in ana maimaita shi duk damina kamar waƙar talla. Wannan na buƙatar biliyoyi, na yarda. Kiran waya fa, nawa yake buƙata?

Idan jirgi ya kife kuma, kowa ya haddace karatun. Lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, rashin rigar kariya, tsufan jirgi. A aika da ta'aziyya, a ce an kafa kwamiti, a kai buhunan shinkafa da tabarmi, a ɗauki hoto. Haka aka yi a Wara ta ƙasar Ngaski a watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a tsakiyar ruwa. Haka aka yi a Ɓagwai a ƙarshen Nuwamban shekarar, da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi suka nutse a dam ɗin Watari. Haka a Patigi a Yunin 2023, 'yan biki sama da 100 a dare ɗaya. Haka a Gummi a Satumban 2024, manoma masu tsallakawa gona. Haka a Gbajibo ta ƙasar Mokwa a daren 1 ga Oktoba 2024, jirgi maƙare da mata da yara kusan 300. Haka a Goronyo a Agustan 2025, masu zuwa kasuwa.

Ba zan yi ƙarya in ce duk waɗannan ambaliya ce ta jawo su ba. Na Wara damina ko kankama ba ta yi ba. Kuma ba zan wanke masu jirgi ba, na ga abin da suke yi da idona. Na ga jirgin da aka loda har ruwa ya rage yatsu huɗu ya shigo, yaron jirgi na kwarfewa da gwangwani, maigidansa na kiran ƙarin fasinja. Kwaɗayi ne, kuma kisan kai ne. Mu fasinjoji ma muna da namu, mu ne masu cewa a taimaka a ƙara mutum ɗaya, mu ne masu zama a kan rigar kariya maimakon mu sa ta. Amma ku lura da abu ɗaya: duk laifuffukan da hukuma ke lissafawa na matattu ne da na mai jirgi. Ba ka taɓa jin an ce ruwa ya kai matakin da bai kamata a fito ba, mun sani tun shekaranjiya, kuma ba mu gaya wa kowa ba. Lodin da jirgi zai ɗauka lafiya a watan Maris shi ne zai kifar da shi a watan Satumba. Kututturen da mai tuƙi ke gani ya kauce masa da rani, cikowa ce ke ɓoye shi, kuma tafkin Kainji cike yake da itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye tun ranar da aka datse kogin. Wanda ya ce yawan lodi ne kawai, bai ambaci tsayin ruwa da ƙarfinsa a ranar ba, rabin gaskiya ya faɗa, rabin da ba ya taɓa shi.

Wa ma ke da ikon cewa an rufe? Ga NIWA, mai hedikwata a Lokoja, wadda aka kafa a 1997 don kula da hanyoyin ruwan cikin gida kusan kilomita 10,000 da suka ratsa jihohi 28. Ga sabuwar ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙira a 2023. Ga hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC. Ga hukumomin kogunan, ga gwamnatocin jihohi, ga ƙananan hukumomi, ga ƙungiyoyin masu jirage. Taron yuyuyu. An shafe shekara fiye da goma ana shari'a kan wa ke da ikon ba da lasisi da karɓar haraji a ruwa, tsakanin hukumar tarayya da jihar Legas, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Janairun 2024 ta ba tarayya gaskiya. Manyan lauyoyi, tarin takardu, shekara da shekaru. Ku nuna mini rana ɗaya da hukumomi biyu suka yi cacar baki kan wa zai tsaya a bakin kwata ya ce yau ba a fito. Wurin rabon nama ana ture juna, wurin ɗaukar gawa kowa ya ce ba unguwarsu ba ce.

An fito da dokar sufurin ruwa, an hana tafiyar dare, an ɗauki masu sintiri, an raba dubban rigunan kariya gaban kyamara. Ban raina ba. Amma rigar kariya maganin bayan kifewa ce. Ni maganar kafin a kwance igiya nake yi.

Wani abokina da ya yi karatu a Ingila ya ba ni labarin kogin Tems, na bincika na tarar haka ne. Sashen kogin da ke sama da Landan yana da ƙofofin wucewar jirage 45, kuma idan ruwa ya yi ƙarfi mai kula da kowace ƙofa yakan rataya allo. Rawaya na nufin ruwa na ƙaruwa ko yana raguwa, a yi hattara. Ja na nufin kowane irin jirgi ya nemi wuri ya ɗaure. Wanda ya nace zai wuce, a miƙa masa jan kati mai bayanin haɗarin da ya jefa kansa. A sauran magudanan da aka haƙa da kogunan da wata gidauniya ke kula da su tun 2012, kusan mil 2,000, akwai ma'auni a jikin bango mai launi uku, kore da rawaya da ja. Inda ruwa ya taɓa, nan ne hukuncinka. Wasu wuraren akwai fitila irin ta kan titi, wasu kuma a rufe ƙofar ambaliya gaba ɗaya. Ana kuma tura saƙo ta intanet, kuma su ma masu jiragen can suna ƙorafi idan saƙon ya makara ko allon ya saɓa da abin da ke shafin. Ku ji abin da suke faɗa a kai: jinkirin sa'o'i. Kuma yawancinsu masu yawon shaƙatawa ne, in an rufe su ɗaure jirgi su dafa shayi. Mu da muke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti, da 'yan makaranta, da abincin shekara, ko gwangwanin fenti ba a saya mana ba.

Kada a ce ai wannan Turai ce. A Yamai, nan kusa, ma'aunin kogi yana da matakai masu launi: rawaya, ruwan lemo, da ja idan ruwa ya kai santimita 620, kuma a daminar 2020 da ya kai 700 mutanen gari da launin suke magana. Hukumar Kogin Kwara ta ƙasashe 9 a can take zaune, Najeriya na ciki, alƙaluman na hannun jami'anmu. Ruwan da ya wuce Yamai yau, zai bi Gaya ya shigo Kabi ya nufi Yawuri. Mun san yana zuwa kamar yadda ake sanin zuwan baƙon da ya aiko.

To me zai gagara? A kafa ginshiƙin siminti a kowace babbar kwata, a shafa masa kore da rawaya da ja. Injiniya ya zo sau ɗaya ya zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin masu fito su daidaita inda kowane launi zai tsaya, don su suka san inda ruwan kwatarsu ke zama mugu. Wannan karan dattijon nan ne aka yi wa riga, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta karanta shi daga kan tudu, ta ce yau ba da ni ba. Wannan ma shi ne babban amfaninsa: ya fitar da hukunci daga hannun mai jirgi shi kaɗai, wanda cikinsa ke gaya masa ya tafi, ya sa shi a idon kowa. Sannan kowace madatsa ta riƙe lambobin wayar sarakunan ruwa da shugabannin masu jirage na duk kwatar da ke ƙasa da ita, a kira su baki da baki kafin a taɓa ƙofa, a rubuta sa'ar da aka kira da sunan wanda ya amsa. Gidajen rediyon jiha su karanta matakin ruwa kwata-kwata bayan labaran safe da na yamma, kamar yadda suke karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, da Hausa da Nufanci da Zabarmanci da Fulatanci da Jukunanci da duk harshen da ake ji a bakin ruwan. Liman ya faɗa bayan asuba, sanƙira ya zaga, a ɗaga jan ƙyalle a kan gora. Ba na son jin an ce za a ƙirƙiro manhaja. Mai fito ba shi da babbar waya, in yana da ita babu sabis a tunga, in akwai sabis babu caji.

Kuma kada a ce mini wuraren sun yi nisa. Lokacin da aka so kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, saƙo ya ishe mu har cikin barci, safe da yamma, har da barazanar rufe layi. Lokacin zaɓe, a cikin waɗannan jiragen ake loda akwatunan ƙuri'a a kai su tsibiran da ko ungozoma ba ta taɓa zuwa ba. Masu allurar shan inna sun shiga kowace tunga da kwalekwale, sun ɗiga wa yara, sun yi alama da alli a jikin ƙofa. Ashe ana iyawa, idan abin da ake nema yana wurin talaka.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini: ko an gaya musu ba za su ji ba, mutanenmu sai su ce Allah ya kiyaye su shiga. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ni kaina na shiga. Amma a gwada tukuna kafin a yanke musu hukunci. Mutumin da aka saba yi wa gargaɗin da ba shi da rana ba shi da wuri, dole ya koyi toshe kunne. Wanda aka ce wa daga yau Talata zuwa Alhamis da hantsi kada a tsallaka daga nan zuwa can, ya ga ruwa ya zo kamar yadda aka faɗa, ya kuma ga an dawo ranar Alhamis an ce an buɗe, gobe da kansa zai zo tambaya. Buɗewar nan tana da nauyi daidai da rufewar. Idan ka rufe ka yi tafiyarka, kifin mata ya fara wari, tumatir ya ruɓe, ba wanda ya san yaushe za a saki, to ranar ta uku wani zai kwance jirgi da dare don kada a gan shi, ka ga an koma gidan jiya, har ma ya fi muni. Tawakkali kuwa da ake jingina wa mutane, malamanmu sun daɗe da raba shi da ganganci, kuma ba talaka ne kaɗai aka ce ya ɗaure raƙuminsa ba. Mai riƙe da makullin madatsa shi ma yana da raƙumi.

Akwai kuma inda rufewa kaɗai zalunci ce. A farkon Oktoban 2022 ma'aunin Lokoja ya haura mita 13, ya zarce na 2012, shekarar da ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Cikin kwanakin nan ne jirgi ya kife a Ogbaru ta jihar Anambra, aka ce mutum 76 sun tafi. Ruwa ya riga ya cinye hanyoyinsu, jirgi ne kaɗai ya rage musu. Irin waɗannan ba za ka ce musu kada ku shiga ka juya baya ba. A nan ne ake son hukuma ta ce ƙananan jirage su ɗaure, ga babba mai injin biyu zai yi sawu uku da rana, mutum kaza a kowane sawu, ga jami'i a tsaye yana ƙirgawa. Jihar da ke iya saya wa kwamishinoni da 'yan majalisa manyan motoci a tashi ɗaya ba za ta ce jirgin ƙarfe biyu ko uku ya fi ƙarfinta ba. Da yawa daga cikin waɗannan kwatoci ma ba za su cika haka ba da an gina gadar da ake alkawari tun muna yara, ko an gyara wadda ruwa ya karya, amma wannan wani ciwon ne, na wata rana.

'Yan'uwana 'yan jarida, mu ma da laifinmu. Mu ne ke karɓar takardar mu karanta ta yadda aka rubuto, mu fassara kubik mita zuwa Hausa mu ji mun yi aiki. Idan jirgi ya kife mu kira kakakin hukuma, ya ce yawan lodi, mu rubuta yawan lodi, mu jira na gaba. Damina na tafe, kuma duk mun san za a sake kiranmu wata kwata a nuna mana takalman yara a jere a kan yashi. Ranar, kafin jami'in ya buɗe baki ya fara lissafa laifin matattu, a tambaye shi: ina ruwa ya tsaya a ma'auni jiya da shekaranjiya? An taɓa ƙofa a makon nan? Ƙarfe nawa? Wa aka kira a wannan kwatar, kuma wa ya ɗauki wayar? In ya ce zai bincika, a ba shi kujera ya zauna, a miƙa masa waya.